Barcin Ranar Inna Sauda

A Barmu kowa ya san Inna Sauda ba ta kwanciya da rana. Da asuba take tatsar shanu, kafin hantsi ta shimfiɗa cuku a kan tabarma, sannan ta shiga daka. In ta tarar da mace kwance rana tsaka, tsayawa take a kanta ta tambaye ta ko ba ta da lafiya.

Shi ya sa hankalin ɗiyarta Nasiratu ya kasa kwanciya. Bayan rasuwar mahaifinta ta ɗauko tsohuwar zuwa Tawa, inda take koyarwa a lakwal ɗin unguwa. Da farko Inna kan ɗan gyangyaɗa ne bayan azahar. Daga baya abin ya koma da hantsi ma. Sai ga shi Nasiratu ta dawo daga aiki ta iske ta a gindin itacen bedi tana barci baki buɗe, furar da aka dama mata tun safe ƙuda na bi.

"Ki bar ta ta huta," in ji mijinta Muktari. "Matar da ta yi shekaru ba ta zauna ba, yanzu don ta yi barci sai ki tada hankalinki?"

"Ba barcin ba ne kaɗai, Malam. Jiya gishiri ta zuba a shayi. Shekaranjiya kuma da sunan ƙanwarta ta kira ni."

Akwai abin da ba ta gaya masa ba. Rahinatu, maƙwabciyarsu mai aikin jinya, ta taɓa ce mata yawan barcin rana ga tsoho wani lokaci yakan zo tare da ciwon mantuwa. Tun ranar maganar ke cin ta. Ko tana gaban allo sai ta tsinci kanta tana tunanin ko Inna ta tashi.

Wata Laraba ta dawo bayan la'asar ta tarar da tabarma ba kowa, ƙofar gida a buɗe. Ta duba ɗaki, ta duba bayan gida. Babu Inna, babu babbar ƙwaryar da ke rataye a madafa. Nasiratu ta fita ko mayafi ba ta ɗaura daidai ba. Mai shagon kan kwana ya ce ya ga wata tsohuwa ta yi wajen kasuwar dabbobi. Ta tare ɗan kabu-kabu, ta hau bayan babur ɗinsa.

Can ta hango ta a bakin hanya, ba takalmi, tsaye kusa da wasu shanu da wani Buzu ke korowa. Mutumin ya tsaya yana yi mata magana a hankali, ita kuma ta rungume ƙwarya tana leƙa dabbobin ɗaya bayan ɗaya.

"Inna! Mi kika fito yi nan?"

"Tatsa mana. Gari ya waye kun bar ni ina barci. Ina jar saniyar nan tawa? Ban gan ta ba."

Rana ta riga ta yi yamma. Nasiratu ta durƙusa gabanta. Ta cire takalmanta ta sa wa uwar, ta karɓi ƙwaryar, suka taka a ƙasa har gida, kwalta na ƙona mata tafin ƙafa.

Washegari Muktari da kansa ya kai su asibiti. Likitan ya ɗauki jini, ya tambayi Inna wace rana ce, wane gari take ciki. Ta faɗi garin daidai, ranar kuwa ta yi dariya ta ce wannan aikin 'yan boko ne. Da suka keɓe, Nasiratu ta tambaye shi ko barcin ne ya jawo mantuwar.

"Ba zan ce miki shi ya jawo ba," in ji shi. "Yakan zama alama, ko kuma wani ciwon ne daban da ke da magani. Sai sakamako ya fito. Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai, a riƙa sa ta ɗan aiki da hira."

A gida Nasiratu ta ajiye mata wake a faifai ta tsince. Inna ta yi ta tsinta, can ta ɗago kai, idonta tar.

"Ɗiyata, jiya na yi wani abu, ko?"

"Ba komai, Inna."

"Kada ki yi mini ƙarya. Ina jin abubuwa na zame mini, in kai hannu in rasa. Duk ranar da na tambaye ki babanki, ki gaya mini gaskiya. Kin ji?"

Nasiratu ta gyaɗa kai, ba ta san ko za ta iya ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa, ta ɗebi waken a hannu. Kafin su kai rabin faifan, kan Inna ya fara sunkuyawa.