Babu Wanda Ya Rasu a Legas

Tun ranar da aka binne mahaifinta Damaris ta ƙulla wannan tafiya a ranta. Baba Jethro ya ƙarar da ƙarfinsa a wata masaƙa a Kakuri, aka rufe masaƙar aka bar su da "ku dawo gobe". Shi kuwa bawan Allah kullum maganarsa ɗaya ce ga matarsa: "Celina, ranar da aka sallame mu, sai na ɗora ki a jirgin sama kin je kin ga teku." Har ya rufe ido ba a sallame su ba.

Amma ranar jana'izarsa, zo ka ga kuɗi! Akwati mai sheƙi, motar gawa mai jiniya tun daga Kaduna har ƙauye, anko kala biyu, ga saniya an kayar. Mutumin da bai taɓa shiga mota mai sanyi da ransa ba, ga shi an shimfiɗe shi a cikinta shi kaɗai kamar gwamna. Damaris ta tsaya a bakin kabari ranta yana tafasa. Kowa ya ɗauka kukan rashi take yi, alhali rabin hawayen na haushi ne. A nan ta yi wa kanta alkawari: uwarta za ta ci nata rabon tana numfashi.

Damaris ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Barnawa, albashin ba wani abin ku zo mu gani ba ne. Ta shiga adashi, ta daina sayen anko na kowane biki, har ƙawayenta suka fara ce mata mai hannun jarirai. Ko a jikinta. Da kuɗin suka taru sai ta koma kan waya, ta zama kamar dillaliyar jirage. Da ta sami sararin aiki sai ta buɗe wannan kamfani ta rufe wancan, tana tsaki ita kaɗai.

Abin da ta koya kuwa, da wuya ta koye shi. Disamba ba a ma magana, kowa na komawa gida, kuɗin tikiti ya haukace. Juma'a da Lahadi na masu hannu da shuni ne. Akwai wani da ya yi ta tallar tikiti rabin farashi a waya, da ta ce ya nuna mata ofishinsa sai ya ce ta fara turo kuɗin tukuna. Ta ce masa ya gai da gida. Sannan ga jirgin da ke tashi daga Abuja, wanda ya fi araha har ya so ya ruɗe ta. Sai ta tuna gwiwar Mama. A ce a taso tsohuwa da sassafe, a cusa ta a mota, a maƙale a cunkoson Gonin Gora, a isa Abuja ƙafa ta kumbura, sannan a ce hutu aka zo? Haba! Araha ba ta ado. Wani tikitin kuma arha ne, amma ba ka da ikon ɗaukar komai sai jakar hannu, ita kuwa Mama ko Sabon Tasha za ta je sai ta ɗauki bargo da filas.

Ran nan, wata Talata bayan an gama hidimar sabuwar shekara, abin ya faɗo. Jirgi daga nan Kaduna kai tsaye zuwa Legas, da hantsi, ba sammako ba dare, da kaya da komai, kuɗin kuma daidai aljihunta. Ta yi wuf ta kama kujera biyu. Kamfanin ya ce zai riƙe mata su zuwa yamma, in ba ta biya ba a ba wani. Kuma irin tikitin nan ne da in ka biya ka fasa, kuɗinka ya bi ruwa. Don haka dole sai Mama ta ce e da bakinta.

Ta tari Keke Napep sai kasuwar Kakuri. Ta tarar da Mama a rumfarta tana auna wa wata mata citta, ga acca da daddawa a jere a gabanta.

"Mama, an samu! Talata ta sama ba wannan ba, ta bayanta."

Mama ba ta ko ɗago kai ba. "Talata ranar zumuntar mata ce a coci."

"Zumunta ba za ta rushe don kin yi fashin rana ɗaya ba."

"To rumfar fa?"

"Lizzy ta maƙwabta za ta duba miki, na riga na yi mata magana."

"Gidan wa za mu sauka?"

"Otal."

Sai ga Mama ta ajiye mudu. "Otal! Ni Celina? Da furfurata? Yarinyar nan, ki ji tsoron Allah."

Ana cikin haka wayar Damaris ta yi ƙara. Godwin ne, yayanta, wanda labari ya riga ya kai masa. Bai ko amsa gaisuwa ba ya fara: kabarin Baba har yanzu ba a sa masa tayil ba, dangi suna magana a ƙauye, ita kuma ta tashi za ta watsa kuɗi a iska.

"Yaya," in ji Damaris, "Baba ya kwana da ciwon baya a kan tsohuwar katifa, ba wanda ya yi magana a ƙauye. Yanzu da ba ya jin komai ne za a gyara masa makwanci? Tayil ba ya gudu. Mama kuwa tsufa take yi."

Ta kashe wayar. Ba ta saba yi wa yayanta haka ba, kuma abin ya yi mata zafi.

Mama ta daɗe tana kaɗe ƙasa daga buhun acca, ƙasar da babu ita. Can ta yi ƙasa da murya.

"Damaris, ba jirgin nake tsoro ba. In an tambaye ni me zan je yi a Legas, in ce me? Ba rasuwa, ba aure, ba haihuwa. Tun da nake ban taɓa ɗaukar jaka haka kawai ba. Mata za su ce Maman Godwin ta samu wuri, miji ya mutu ta fara yawon duniya."

Ashe nan gizo ke saƙar. Damaris ta san gaskiya ce. A unguwarsu in ka ga mace ta fito da akwati, abin da za ka fara cewa shi ne "Lafiya?" Tafiya ba ta da wani suna sai na jana'iza ko biki ko zaman jego.

"Bari in je zumunta," in ji Mama tana ɗaura ɗankwali. "Zan roƙi addu'ar tafiya. Sai in ce wata 'yar'uwarmu ce ba lafiya a can."

"A cikin coci za ki yi ƙarya?"

"Ke dai rufe mini baki."

Damaris ba ta koma aiki ba. Ta bi uwarta har coci ta zauna a bencin baya, waya a hannu, rana tana ta yin ƙasa. Ta riga ta yanke: in Mama ta yi ƙaryar nan, za ta biya dai, amma ta san tafiyar ta lalace. Tsohuwa za ta je bakin teku tana ɓoye fuska, ta dawo tana ƙirƙiro wa mara lafiyar suna da irin ciwonta. Wannan ba shi ne abin da ta yi wa alkawari a bakin kabari ba.

Mata suka yi waƙa, aka buga tulu da kacau-kacau, aka karanta Littafi. Da aka zo roƙon addu'a Mama ta miƙe, tana dafa benci saboda gwiwa.

"'Yan'uwa, ku sa ni a addu'a. Zan yi tafiya zuwa Legas."

Ai kuwa kafin ta rufe baki cocin ya ɗauka. "Ayya!" "Wayyo, Maman Godwin!" "Wa kuma muka rasa?" Mama Phoebe, shugabar zumunta, mace mai saurin hawaye da saurin aiki, tuni ta jawo faranti ta fara zagayawa da shi. Mata suna kwance bakin zani suna jefa abin da ya sawwaƙa, wata ma har ta fara tambayar ko za a yi anko.

Mama ta tsaya tana kallon farantin yana tahowa. Ta san matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta san wadda ta jefa kuɗin cefanenta, ta san wadda za ta taka da ƙafa zuwa gida yau saboda abin da ta jefa. Bakinta ya buɗe da ƙaryar a kan harshe, sai ta kasa.

"Phoebe, ajiye farantin nan."

"Haba, ai ba a ƙin na zumunci."

"Na ce ki ajiye. Babu wanda ya rasu. Babu mara lafiya. Hutu zan je. 'Yata za ta kai ni in ga teku, in ci, in kwanta, in dawo. Shi ke nan."

Cocin ya yi tsit. Mama Phoebe ta tsaya da faranti a hannu, ta kalli Mama, ta waiga ta kalli Damaris a baya.

"Haka kawai?" in ji ta.

"Haka kawai."

Wata tsohuwa a gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Ni sau nawa na je Legas, ban taɓa ganin komai ba sai tukunyar gidan makoki." Wata ta fashe da dariya, wata ta share ido da gefen zani. Sai kawai Mama Phoebe ta dire faranti ta rangaɗa guɗa, mai tulu ta ɗauka, mata suka miƙe. Aka mayar wa kowa kuɗinta ana ta tsiya, wannan na cewa a kawo mata ruwan teku a gora, waccan na cewa ita ma a duba mata na Talata.

Damaris ba ta jira an gama ba. Ta ratsa ta isa wurin uwarta, ta miƙa mata fuskar wayar, inda hoton cikin jirgi ya fito da kujeru a jere.

"Mama, in biya?"

"Biya."

"Na zaɓa miki ta bakin hanya, don ki riƙa miƙe ƙafa."

Mama ta ƙura wa hoton ido, ta sa yatsarta mai ƙamshin citta a kan kujerar da ke jikin taga.

"Wannan nake so. Gwiwa ta yi haƙuri. Babanki a kwance aka tafi da shi, an rufe shi ruf, bai ga ko itace ɗaya a hanya ba. Ni a zaune zan tafi, idona biyu, kuma sai na kalla mana mu biyu."

Damaris ta canza kujerar, ta danna.