Itatuwan Baba Gimba

Mero na riƙe da ludayin kunu a bakin Baba Gimba lokacin da aka yi sallama a ƙofar ɗaki. Tsohon ya kurɓi rabi, sauran ya bi gemunsa. Ta goge masa da gefen mayafinta, sannan ta amsa.

Alhaji Indabawa ne, shugaban Kwamitin Amana na unguwar Hausawan Anaca, sai Kure a bayansa rungume da naɗaɗɗiyar takarda. Kure mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, aikinsa jan sarƙar awo a ofishin safiyo, kuma a gidan hayar nan yake zaune tare da su Mero.

"Baba, ya jikin?" in ji Alhaji, yana tattare babbar rigarsa don ya tsuguna.

"Alhamdu lillahi. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Baba."

"To me ya kawo ku?"

Mero ta sunkuyar da kai don kada a ga dariyarta. Gaskiyar tsohon ce. Shekara arba'in da wani abu yana haƙa kaburburan unguwar, kuma ba a cika neman mai haƙar kabari don hira ba. A gaishe shi daga nesa, a yi masa addu'a, a ƙara sauri.

Kure ya warware takardar a kan tabarma, ya danne gefenta da buta. Taswirar tsohuwar maƙabarta ce, wadda ke gangarawa zuwa bakin Kwara.

Shekara shida da suka wuce wannan kwamiti mutum uku ne kacal a gindin mangwaron masallaci, kuma abin da ya tara su rijiya ce, Rijiyar Fatake, da wani ya so cikewa ya ɗora shago a kai. Suka hana, suka mayar da ita wakafi. Daga nan abin ya shiga ransu. Suka karɓi tsohon zangon shanu, suka karɓi rimin da aka ɗaure kwale-kwalen farko a jikinsa, har wani ɗan kurmi da ba mai amfana da shi sai tsuntsaye. Yanzu suna da wuri goma sha ɗaya, da hatimi na kansu, ana rubuto musu wasiƙa daga Inugu da Fatakwal ana tambayar yadda ake yi. Alhaji ba ya gajiya da faɗin wannan, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Baba, ga abin da ake ciki," ya ce. "Saman maƙabarta an yarda namu ne. Amma gangaren nan na wajen ruwa, takarda ta ce daji ne. Wani kamfanin katako ya nema, zai sare ya kafa inji. Ranar Alhamis safiyo zai zo kafa turaku. In ba mu nuna masa akwai mutane a kwance ba, shi ke nan."

"Akwai su mana."

"Mun sani. Amma ba dutse, ba tudu, ruwan sama ya baje komai. Tun shekarar ambaliya ba a sake kai kowa can ba. Waɗanda suka raka gawa wurin, wasu sun bi ta, wasu sun koma gida Arewa. Tono kuwa ba za mu yi ba. Ina iyakar take?"

Baba Gimba ya ɗaga ido yana kallon kwanon rufi. "Akwai Sarkin Pawa na farko. Mai nauyi ne, mutum shida suka sauke shi. Kusa da shi Banufen nan mai goro da kwale-kwale ya kife da shi, ya zo a jiƙe, har yau ina jin sanyin hannunsa."

"Baba, iyaka muke tambaya."

"Ku tambayi uwar Baiwa."

Alhaji ya dubi Mero, ya dubi Kure, ya yi ɗan murmushin da ake yi wa maganar mara lafiya. Mace ba ta raka gawa, kowa ya san wannan, Mero ba ta taɓa taka wurin ba. Suka naɗe takardarsu suka yi addu'a suka fita.

Ita kuwa ludayin ya yi mata nauyi a hannu. Duk garin nan Baba Gimba kaɗai ke kiranta uwar Baiwa. Ga sauran jama'a ita ce Mero mai waina ta bakin Kasuwar Ose. Baiwa 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba ta, zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara huɗu, yau shekara ashirin ke nan. Maza suka fita da ita a tabarma, suka dawo hannu wofi. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ba mai magana ba ne, ya wanke ƙafa ya tafi kasuwa. A gangaren nan aka kwantar da yarinyar, a wurin da yanzu ake cewa daji ne.

Washegarin rasuwar ne ta ga maƙwabcinsu Baba Gimba yana kankare laka daga jikin galmarsa. Ta tsaya a bayan zana ta ce, "Baba, ina kuka sa ta?"

Bai ce ta yi haƙuri ba, kamar yadda kowa ke cewa. Ya ce, "In kin shiga ta wajen ceɗiya, taku tara zuwa ruwa, sai ki karya dama. Na kafa mata sandar aduruku biyu, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Kowa haka nake yi masa."

Bayan wata biyu ya ce mata, "Sandunan sun yi toho." A gida Arewa sanda bushewa take yi gara ta cinye. Ƙasar nan kuwa ba ta yarda abu ya mutu, ko turken shanya ka kafa sai ya fito da ganye. Tun daga ranar, kullum da safe in ta miƙa masa waina ta saman zana, sai ya biya ta da labari. Wane ya zo ya kwanta hagu da wane. Itacen wance ya yi fure. Tsuntsu ya yi sheƙa a kan na Baiwa. A haka wurin ya ginu a cikin kanta sannu a hankali, da hanyoyinsa da inuwarsa, har takan rufe ido a gaban tanda ta ga kanta tana yawo a ciki, sai ƙaurin waina ya dawo da ita.

Ranar Talata aka wuni ana yayyafi. Hazon ruwa ya taso daga kogi ya rufe ƙarshen layi, ƙarar kekunan teloli na zuwa kamar daga wani gari, suna ta ɗinka tutoci kore da fari na bikin 'yancin kai da ya rage mako biyu. Mero ba ta fita kasuwa ba. Tsohon ba shi da mata, ba shi da ɗa, ita ce mai juya shi in gefe ɗaya ya gaji.

Ya wuni yana gaisawa da mutanen da ba ta gani. "Sannu da zuwa, Malam. A'a, matsa ciki, akwai wuri." Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya yi wa wani faɗa don ya taka masa igiya. Ba ta ji tsoro ba. Tausayi ta ji, da wani irin kishi, don shi yana ganinsu ita ba ta gani.

Da hantsin Laraba rana ta ɗan leƙo. Ya buɗe ido tas, ya ce, "Uwar Baiwa."

"Na'am, Baba."

"Hanyar ta ɓace mini. Na tsaya a gindin ceɗiya ban san inda zan bi ba. Faɗa mini."

Ta gyara zama. "Taku uku gabanka, Sarkin Pawa. Itatuwansa sun fi na kowa kauri."

"Haka ne."

"Hagunsa Banufe mai goro. Sai Inna Hajo mai kitso, wadda itacen ƙafarta ya karkace. Sai tagwayen nan na gidan Bappa, da ka haɗa musu itace ɗaya a tsakiya."

"Ci gaba, ina biye."

Ta ci gaba. Ita kanta ta yi mamakin yadda sunayen ke fitowa a jere, ba ta laluben ko ɗaya. Ta bi da shi layi na farko, ta juyo da shi na biyu, tana gangarawa da shi wajen ruwa, shi kuma yana cewa "haka ne" da muryar da ke ƙara yin nesa. Da ta kai layin yara sai ta lura ya daɗe bai amsa ba. Ta kira shi sau biyu. Sannan ta yi salati, ta rufe masa ido, ta fita tsakar gida ta faɗa wa Kure da ke wanke keke.

Kafin azahar aka kai shi. Samari huɗu suka yi haƙan da shi kaɗai yakan yi, aka ce ma sai da liman ya sa suka gyara kusurwa. Mero ta zauna a ƙofar ɗakinta tana karɓar gaisuwa kamar 'yarsa, kuma ba wanda ya ce ba ita ba ce. Ta yi kuka sosai, na tsohon da kuma na wancan gangaren da gobe za a ba masu zarto.

Da safiyar Alhamis ta yafa mayafi ta bi bayan Alhaji da mutanen kwamiti. Sai da suka kai shingen gora na maƙabarta ya waiwayo.

"Mero, ina zuwa? Kin san dai mata ba sa shiga."

"Ba shiga zan yi ba, Alhaji. A nan bakin hanya zan tsaya. Kure ya zama ƙafata."

Safiyon, wani Inyamuri mai gajeren wando da fensir a bayan kunne, ya riga ya sa an kafa turke biyu a saman gangaren. Ya nuna ƙasa da haɓa ya ce, "Madam, na bush I dey see o." Daji kawai yake gani, kuma ba za a zarge shi ba. Kore ne cunkus har bakin ruwa.

Mero ta kama shingen da hannu biyu, ta rufe ido. "Kure, je ka gindin ceɗiya ka fuskanci kogi."

"Na je, Mama!"

"Taku uku. Za ka ga aduruku biyu masu kauri, tsakaninsu tsawon mutum."

Aka ji adda na sare ciyawa. "Ga su!"

"Hagunka wasu biyu. Bayansu wasu biyu, na ƙafa ya karkace."

"Ya karkace, Mama!"

Tun safiyon na tsaye hannu a aljihu, har ya tsallaka ya bi Kure. Tana faɗa suna samu. Itatuwa bibbiyu, kowane biyu sun miƙe daga kudu zuwa arewa, yadda mai kwanciya zai fuskanci gabas, ba guda da ya saɓa. Alhaji Indabawa, wanda ya yi shekaru yana wucewa ta gefen wurin nan, ya cire hula ya share gumi ya mayar.

A kabari na ashirin da wani abu safiyon ya fito, wandonsa duk ƙaya. Ya yi magana da Kure a hankali, Kure ya juyo. "Ya ce ya san itacen nan. A ƙauyensu ma shi ake dasa wa kakanni, ba mai sa masa gatari. Ya ce a cire turakun a kai su bakin ruwa."

Mutanen kwamiti suka ɗauki kabbara. Wani har ya fara lissafin cewa wuri na goma sha biyu ke nan. Mero ba ta saki shingen ba.

"Kure, saura ɗaya."

"Faɗi, Mama."

"Koma ceɗiya. Taku tara zuwa ruwa, sai ka karya dama."

Ta buɗe ido, amma ba abin da take gani sai saman itatuwa. Ya daɗe a ciki kafin muryarsa ta zo, ƙasa-ƙasa wannan karon.

"Na same su."

"Ban gani ba. Wanne ne?"

Can a tsakiyar koren, kan wani siririn itace mai tsayi ya fara rangaji shi kaɗai, ba iska. Kure ne ke girgiza shi daga gindi. Raɓar da ta kwana a ganyen ta zubo tana ƙyalli, wasu tsuntsaye biyu suka tashi suka nufi kogi. Mero ta tsaya tana kallo. Ba ta taɓa zaton ya yi tsawo haka ba.

"Auna mini tsakaninsu," ta ce.

Aka ji ƙarar sarƙa. "Ƙafa uku da rabi, Mama."

Mazan sun riga sun gangara da turaku, ba mai kallonta. Ta saki shingen, ta sauke hannun dama a hankali zuwa gefen ƙugunta, daidai inda kan yarinyar yakan tsaya in ta raɓe ta a gaban murhu. Tafin hannun ya tsaya a iska, a buɗe, yatsun sun ɗan lanƙwasa. Ta bar shi a nan.