Wayar Baban Auta

Maigidana ya rasu, amma kamfaninsu bai daina aiko masa da aiki ba.

Aikinsa kula da rumbun bayanai ne a wani kamfanin rarraba magunguna. Duk kwalin da ya shiga sito, duk wanda ya fita, da sunan kantin da za a kai wa, a cikin rumbun nan na kwamfuta suke. Shi ya saita musu wata manhaja mai gadin rumbun. In wuri ya kusa cika, ko aiki ya fara jan ƙafa, sai ta turo saƙo wayarsa. Da ya kwanta asibiti ba wanda ya sauya lambar. Da ya rasu ma haka. Ofis cike da ƙatti, kowa da kujera mai juyawa da kati rataye a wuya, amma ba a samu mutum ɗaya da ya tambayi ina saƙonnin suke zuwa ba.

Wurina suke zuwa. Ina wanke-wanke wayar ta yi ƙara, ina shanya ta yi ƙara. Na kira Ogansu na gaya masa. Ya ce, "Kai, madalla, Madam! Ki riƙa turo mana, ai ke tamu ce." Wato mijin ya tafi, an samu matar ta zama 'yar aike. Na yi ta turawa, ko amsa babu, har na gaji na bari.

Ni ba don su nake sa wayar a caji ba. A asibiti, da ya ga jikin ba ya yi, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa yana yi wa Autarmu hira. Akwai labarin yadda ya koyi keke ya faɗa kwata, akwai abin da za ta yi in 'yan ajinsu sun tsokane ta, har da wata waƙar shirme da yake yi mata in ana taje mata kai. Bai tura wa kowa ba, a wayar kawai suke. Kullum Auta ta dawo makaranta sai ta watsar da takalmi, ta kwanta a doguwar kujera, ta kara wayar a kunne. Yayana ya ce ƙarshen mako zai zo ya kwashe mana su a kwamfuta. Ni ina tsoron taɓa abin da ban iya ba.

Kafin ƙarshen makon ya zo, da hantsi, sai ga sallama. Oga ne, mutumin da ƙafarsa ba ta taɓa taka asibitin ba, ranar gaisuwa kuma ya zauna yana satar kallon agogo. Bayansa wani dogo ne cikin matsattsiyar kwat, turarensa ya riga shi shigowa falo.

"Madam, ya ƙarin haƙuri? Wannan ƙwararre ne, daga waje muka ɗauko shi."

Ƙwararre bai ko dube ni ba. Ya ture littattafan Auta daga kan tebur, ya buɗe kwamfutarsa, ya tambaya ina soket.

Oga ya yi mini bayani yana murza hannu. Rumbun ya cika ya tsaya cak. Motoci na jere a bakin sito, ba a san wane kwali za a loda wa wa ba. Kafin a gyara sai an shiga manhajar da sunan marigayi, don shi kaɗai ke da babban izini. In an zo shiga kuma sai ta nemi wata lamba, lambar kuwa a wayarsa take fitowa.

Na ce, "Shi kaɗai? Duk yawanku?"

"Ai yarda ce, Madam. Mun yarda da shi ƙwarai."

Lalaci dai aka sa wa riga. Na ce su bari Yayana ya zo tukuna, akwai muryar uban yarinya a ciki.

"Haba Madam, magani ne fa. Marasa lafiya na can suna jira."

Yau Oga ya san da marasa lafiya. Amma maganar ta same ni, don na san zaman jiran magani a bakin gado. Na ɗauko wayar, na buɗe ta da kaina, na ce a gabana za a yi, kuma kada a taɓa komai sai abin da ya kawo su.

Ƙwararre ya karɓa da yatsa biyu, ya taɓe baki. "Har yanzu akwai masu riƙe irin wannan?"

Ashe ɓangaren aiki na wayar da makullinsa daban, lambar sirri da ni ma ban sani ba. Ya tambaye ni ranar haihuwar marigayi, ya danna, ta ƙi. Ya tambayi tawa.

"Maza da yawa ta matansu suke sawa," ya ce, yana yi wa Oga murmushi.

Ta ƙi. Ya gwada ta Auta, ya gwada lambar mota. Tsakanin kowane gwaji yana zuba wa Oga bayani, yadda marigayi ya saita komai a tsohon yayi, yadda da shi ne da tuni ya mayar da rumbun wani tsari da ba ya cika. Yana zagin aikin mijina a falon mijina, a kan kujerar da mijina yake zama. Oga kuwa sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare, ko rabin maganar bai gane ba.

Wayar ta yi wata 'yar girgiza, jan rubutu ya fito. Na leƙa. Cewa ta yi in aka sake kuskure za a goge duk abin da ke cikinta.

Na ce, "Malam, ba ni wayar."

"Barazana ce kawai, Madam. Ɓarayi ake tsoratarwa da ita."

"Na ce ka ba ni."

"Ko da ta goge, ɓangaren ofis kawai za ta goge. Wannan aikina ne, ki kwantar da hankalinki." Ya ɗaga hannun sama kamar mai hana yaro alawa. Ya juya wurin Oga. "Wace shekara ya fara aiki da ku?"

Oga ya dubi silin, ya ce yana jin shekara kaza ce, ko kuwa wadda ta biyo bayanta. Na miƙe ina cewa kada ya danna. Kafin in zagayo teburin ya danna.

Fuskar wayar ta yi baƙi. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Gumi ya karyo wa Ƙwararre ta cikin kwat ɗin, ya shiga latsa maɓallin gefe, ya kashe, ya kunna, ya hura ramin caji. Da ta dawo, babu hoton Auta a fuskarta. Fari fat, da rubutu tana yi mana maraba, wai mu zaɓi yaren da muke so.

Na ce, "Ina muryar?"

"Ai tana can a ajiye a intanet," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Duk wayoyin yanzu haka suke."

"Ka ce tsohuwa ce."

Ya turo mini wayar. Borin kunya ya mayar da shi kan kwamfutarsa, yana ta zungurin shafin shiga manhajar. Can sai ya tsaya, ya matso da fuska. A ƙasan akwatin da ake sa lambar akwai wani ɗan siririn rubutu: in ba ka tare da manhajar waya, a turo maka lambar ta saƙon tes. Tun shigowarsu rubutun yana nan. Ya danna. Wayar ta yi ƙara a hannuna, don layin yana ciki, goge-gogen bai shafe shi ba.

"Madam, karanto mana," in ji Oga.

Na karanto. Har yau ban san wace ce ta karanto ba, amma da bakina aka yi.

Suka shiga. Ƙwararre ya share wasu tsofaffin tarkace da suka cushe rumbun, ya ƙara masa wuri, jajayen layukan allon suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Oga ya buga tafi, ya kira sito ya ce a fara lodi. Ya dafa kafaɗar mutuminsa yana cewa shi ya sa ake neman masu ilimi.

Na kira Yayana a wayata, su suna naɗe wayoyin caji. Na gaya masa abin da ya faru. Ya tambaye ni ko marigayi ya taɓa kunna ajiyar intanet. Na ce ya kashe ta tun bara, wai ba ya son sirrin ofis ya fita waje. Yayana ya ce, "Inna lillahi."

A bakin ƙofa Oga ya ce Allah ya jiƙan marigayi, ya ce za a sauya lambar da saƙonnin suke zuwa in an samu sarari. Ƙwararre ya saɓa jakarsa, a karon farko ya dube ni, ya nuna wayar da haɓa.

"Za ki ga yanzu ta fi sauri, Madam. Da ma ta cika da shara."