Ɗiyan Fari Ba Su Shiga Takardar Ba

Yara sun mutu ba a rubuta su ba, kuma Malam Gide ne bai rubuta ba.

Gide mutumin Kankara ne, tsohon mai allurar riga-kafi. Shekara shida yana yi wa Dakta Hamida aiki. Ita 'yar Faskari ce, malama a jami'a, tana gwajin wani magani da ake ba yara da damina don kada zazzaɓin sauro ya kayar da su. A raba magani a ƙofar gidan mai unguwa, bayan kaka Gide ya hau babur ya bi gida-gida, daga Pauwa zuwa Daudawa har ƙauyukan Sabuwa, ya tambayi uwa yaranta nawa, wa ya kwanta, wa ya rasu.

To, macen ƙauye ba ta ƙidaya ɗan fari. Kunya ce. Ba ta faɗin sunanshi, sau da yawa ma yana wurin kakarshi. Ka ce yaranki nawa, ta fara daga na biyu. In ya rasu ma ba za ta ɗaga maka zancen ba. Gide ya san haka sarai. Sai dai shi ma cikin wannan kunyar ya tashi, bakinshi ba ya iya matsa wa matar mutane. Abin da aka ce mashi, shi yake rubutawa.

Lissafi ya yi kyau, har ya fi gaskiya kyau. Labari ya kai ƙasar waje, wurin masu ba da babbar lambar yabo ta binciken lafiya, wadda likitocin duniya ke mafarkin samu. Suka sa Dakta Hamida cikin mutum ukun ƙarshe. Faskari ta ɗauka. Mahaifinta, tsohon tela, har ya ɗinka babbar riga.

Ranar kasuwar Kankara Gide ya haɗu da wata tsohuwa daga Pauwa, surukar wata Mero da yake zuwa gidanta ƙidaya. Ya tambayi mutanen gida. Ta ce lafiya lau, sai haƙurin jikanyarta, ɗiyar Mero ta fari, da zazzaɓi ya ɗauke bara, ta sha maganin kuwa. Gide ya tuna da hannunshi ya rubuta wa gidan nan "duk lafiya". Ya sayi gishirin da ya zo saye, ya manta shi a rumfa.

Kwana uku yana juya abin. In ya yi shiru, ba mai sani. Amma an ce in Dakta ta ci lambar, maganin zai bazu ƙasashe a kan wannan lissafin. Ya hau babur sai Faskari.

Ya same ta a zauren mahaifinta, ana gwada mata lufaya. Da suka keɓe ya faɗi komi, bai yi kwana-kwana ba.

"Baba Gide, mi ya hana ka gaya mani tun fari?"

"Abin da ya hana ki tambaya, Dakta. Ke ma nan aka haife ki. Hajiyarku ta taɓa kiran sunan yayanku?"

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta ce Turanci ne ya ci ta, da shi ta tsara tambayoyin, ta manta da wa za a yi magana. Ya ce ta ɗora mashi laifin, ta ce ma'aikaci ne ya yi sakaci, ta je ta karɓi abinta. Ta ce ko ta ɗora mashi, lissafin bai gyaru ba. Washegari ta rubuta wa masu lambar ta janye sunanta. Lambar ta tafi wata ƙasa.

Ba ta kore shi ba. Abin da ta sa shi ya fi kora wuya: ya koma kowane gida ya tambayi ɗan fari, da suna, da rai ko mutuwa. Ya roƙi a aika mace, aka aika, matan suka yi mata dariya suka sallame ta. Shi kaɗai suka sani.

Ya bi su. Wata ta shige ɗaki, wata ta kira mijinta. Mero ta rufe fuska da zane, ta faɗi sunan a hankali, Hussaina, ta ce kada ya ƙara taka mata gida. Wata goma ya yi yana wannan. Da aka haɗa, maganin yana aiki, amma bai kai yadda aka zata ba, dole aka sake auna yawan da ake ba yaro.

Aka buga sabon sakamako, ba wanda ya kira daga waje. Gide kuwa, mutumin da a da ake shimfiɗa wa tabarma a kawo mashi fura, yanzu in ya yi sallama a Pauwa sai a amsa daga bayan zana, a ce masu gidan ba su nan.