Numfashin Buba a Bakin Rafi

Da hantsi aka kawo Buba ƙaramin asibitin da Ummussalma take aikin jinya a ƙasar Gwaram. Manomi ne daga wajen Zandam, ya haura hamsin. Ya sunkuya yana gyara igiyar garma, san huɗarsa ya harbe shi a fuska. Muƙamuƙinsa ya karye gida biyu, hancin ya baje, haƙoran gaba sun zube. Yana zaune ya dafa gwiwoyi, jini da yawu na dalala daga bakinsa.

Matarsa Turai ta shimfiɗa zane a kan gado. "Sista, a kwantar da shi mana. Ya gaji."

"Inna, kada ya kwanta," in ji Ummussalma. "In ya yi rigingine harshensa zai koma baya ya toshe maƙogwaro. Zaman nan shi ke riƙe da shi."

Ta yi shekara shida a ɗakin tiyata tana taimaka wa masu sa majinyata barci, don haka ta san wannan rauni ya fi ƙarfin asibitinsu. Ta ɗaura masa ruwa, ta soka zare a harshensa don ta riƙa jawo shi gaba, ta buga waya Birnin Kudu aka ce su taho. Malam Iliyasu direba ya tayar da motar asibiti. Buba ya zauna a baya, Turai ta tallafe shi, Ummussalma ta durƙusa a gabansa.

Ba su yi nisa ba ruwan sama ya kece. A wani gangare suka tarar rafi ya shanye kwalbati, wata babbar mota mai ɗauke da buhunan taki ta kafe a bakinsa. Kafin Iliyasu ya yi ribas, motoci sun jeru a bayansu. Dama da hagu gonaki ne da suka zama taɓo.

"Ba gaba ba baya, Sista," in ji shi. "Sai ruwan ya janye."

Ummussalma ta gwada waya, babu sabis. Gilasai suka yi gumi, ƙarar ruwa a rufin motar ta hana su jin juna sai an ɗaga murya. Wurin ko miƙewa tsaye ba ta iya yi. Ta ci gaba da zuƙe jinin da famfon hannu har gudaji suka toshe shi. Fuskar Buba na ƙara kumbura. Numfashinsa da ya fara kamar minshari ya koma siririn fito. Lambar na'urar auna iskar jini da ke yatsansa ta sauka daga casa'in zuwa tamanin da biyu, sannan saba'in da shida.

Buba ya damƙi wuyan rigarta yana kallonta. Yana so ya yi magana, babu hali. Sai hannun ya saki, kansa ya langaɓe.

Turai ta fara salati a hankali.

Yanzu dole a kwantar da shi. Ummussalma ta zura ƙarfen leƙa maƙogwaro mai fitila a bakinsa, ko za ta sami hanyar sa tiyon numfashi. Jini kawai ta gani da nama a kumbure. Ta ɗora masa robar iska a fuska, ta matsa jakar hura iska, iskar ta tsere ta gefen karyayyen ƙashin. Abu ɗaya ya rage. Sau biyu ta taɓa ganin an yi shi, ita kuwa ba ta taɓa yi ba.

"Malam Iliyasu, zo ka riƙe kansa. Inna, zan tsaga wuyansa in yi masa hanyar iska. In ban yi ba, zai tafi."

Turai ta dubi wuƙar tiyatar da ke hannun Ummussalma, ta dubi mijinta. "Yi, 'yata."

Iliyasu ya shigo a jiƙe, ya durƙusa ya tallafi kan. Ummussalma ta laluba ƙasan tudun maƙogwaro har yatsanta ya faɗa wani ɗan kwari mai laushi. Ta yi bismilla ta tsaga fata. Jini ya rufe wurin, ba ta ganin komai, sai ta bi da yatsa, ta huda. Tiyon ya ƙi shiga da farko. Ta buɗa ramin da ƙotar wuƙar, ta sake turawa, ya wuce. Ta haɗa jaka ta matsa. Ƙirjin Buba ya ɗaga.

Lambar ta tsaya a sittin da takwas kamar ba za ta motsa ba, can ta soma hawa.

Filasta ya ƙi kama jiƙaƙƙen wuyan, don haka ta riƙe tiyon da hagu, tana matsa jaka da dama. Haka ta zauna kusan awa biyu, ƙafafunta sun mutu, ba ta da damar ko gyara zama. Da ruwan ya janye, mutane suka taru suka sauke takin, suka ture babbar motar gefe.

Bayan la'asar suka isa Birnin Kudu. Likitan da ya tarbe su ya duba wuyan, ya tambayi wanda ya yi aikin.

"Ni ce," in ji ta.

"To, saki, mun karɓa."

Ta so ta saki, yatsun suka ƙi. Sai da wata nas ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

A ranar aka shiga da Buba tiyata, aka ɗaure muƙamuƙin da waya. Mako shida ya yi yana shan koko da tsinken roba. Muryarsa ta dawo, sai dai ta dishe, ba ta sake komawa yadda take ba. Maƙwabta suka yi masa gayyar noma, kuma da ƙafarsa ya je yankan gero.