Tuffa a Bokitin Fenti

Maganar ta fara ne a bakin famfo, inda duk wata maganar gidan ke farawa. Wai matar direba farar ƙafa gare ta. Shekara uku da aure miji ya tafi a hatsarin mota, ga shi yanzu ɗan itacen tuffar da ya dasa a bokitin fenti ya kama hanyar bin sa. Ganyen sun yi yaushi, sun langaɓe kamar kunnen akuya mai ciwo.

Malama ta ji zancen tana ɗauraye kofin shayinta. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da kimiyya kafin ta ajiye alli, kuma ba ta taɓa cin karo da ƙafar da ke kashe itace ba, sai dai in an taka shi.

"Ke kin ga ta taɓa shi?" ta tambayi mai wankau, wadda ta kawo zancen.

"Haba Malama, ai irin wannan ba sai an taɓa ba. Giftawa ma ta isa."

"To ai ni ma ina giftawa. Kuma ƙafata ta fi tata fari, dubi kaushi."

Aka yi dariya, ban da Malama. Ta san abin da ke bayan zancen. Wan marigayi ya yanke cewa matar ta koma gidansu, ta bar 'yarta mai shekara biyu a hannun kaka, tun abin bai kai kan yarinyar ba. Asabar aka sa.

* * *

Kwana uku Malama na ajiye kujera a ƙofar ɗakinta, littafi a cinya, ido a kan bokiti. Matar direba ko kallon wajen ba ta yi. In za ta shanya sai ta zagaya ta bayan tanki, yarinya a goye, kai a ƙasa.

Mai zuwa ita ce Inna, uwar marigayi. Da safe buta biyu, da rana ɗaya, da yamma biyu. Tana zubawa tana magana ƙasa-ƙasa. "Sha, ɗan nan, sha. Kar kai ma ka bar ni."

A rana ta uku Malama ta taso ta tura yatsa cikin ƙasar. Taɓo ne, mai sanyi, yana warin kwata. Ta dafa gwiwa ta leƙa gindin bokitin. Simintin a bushe ƙarau.

"Inna, bokitin nan ba ya zubar da ruwa ne?"

"Da yana yoyo," in ji Inna, har da ɗan alfahari. "Shi bai kula ba, Allah ya jiƙansa, kin san yaran yanzu. Huji har huɗu, ina zubawa yana tsiyayewa. Washegarin rasuwa na narka leda na liƙe su tsaf."

Malama ta dubi tsohuwar da butarta, kamar ta bar maganar. Amma Asabar gobe ce.

"Inna, shi ya huda da hannunsa. Saiwa ma numfashi take yi. Yaushin nan ba ƙishi ba ne, nutsewa ce. A ɓare ledar, a bar shi kwana biyar ba ruwa, wataƙila ya farfaɗo."

Inna ta miƙe a hankali. "Wato ni nake kashe shi. Na haifi yaro na raine shi shekara talatin, itace ne zai gagare ni? Kowa ya san mai yaushi ruwa yake so, sai ku masu karatu." Ta juye sauran butar a ciki ta wuce.

* * *

Malama ta iske wan marigayi a ƙofar ɗakin matar, yana awon bango da igiya. Ita ta koyar da shi a aji huɗu, don haka ba ta yi wani kewaye ba. Ya saurara har ta gama, bai saki igiyar ba.

"Na ji, Malama. Amma ki bar tsohuwa ta samu inda za ta sauke baƙin cikinta. Kuma ɗakin ina da buƙatarsa, kayan shago sun yi min yawa."

"A aji ma haka kake. Sai ka rubuta amsa sannan ka nemo tambaya."

Ya yi murmushi, ya ci gaba da awo.

A ciki matar direba na ninke kayan yarinya daban, nata daban. Malama ta zauna bakin katifa ta faɗa mata abin da ta gano, da zumuɗin mai kawo albishir.

"Na sani, Malama," in ji matar, ba ta ɗago ba. "Shi ya koya min. Kofi ɗaya, sai ƙasa ta bushe a ƙara. Sau ɗaya na faɗa, aka ce ko bakina kar ya sake taɓa shi."

* * *

Asabar da hantsi matar direba ta fita da jaka ɗaya. Yarinyar na bayan Inna tana miƙa hannu tana kuka, mai wankau na cewa ai yaro da mantuwa, kwana biyu ne. Malama ta raka matar har bakin titi.

Da ta dawo tsakar gidan ba kowa. Ta tsaya kan bokitin, ta kama karan da yatsu biyu don ta ji ƙarfinsa. Sai ya biyo hannunta, ba ko gardama. Saiwoyin baƙi ƙirin, sun yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma, ruwa na ɗiga daga jikinsu. Ta mayar da shi inda yake, ta danna taɓon da yatsa ya tsaya.

Matar direba ba ta taɓa itacen ba tun ranar da aka binne mijinta. Ruwa ne ya yi masa yawa.