Ƙudan da Malam Kuramoto Ya Yaƙa

Shekara arba'in Malam Kuramoto ya yi yana koyar da wasan sanda a wani zaure na katako da ke bayan gidansa a garin Matsue. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, kuma a duk ɗaliban da suka taka zauren nan, babu wanda ya shiga ransa kamar Hayasaka. Yana da shekara tara aka kawo shi, ya yi goma sha ɗaya a hannunsa, sannan ya tafi Tokyo ya zama mai shirya fim.

Wata ranar kaka sai ga Hayasaka a ƙofar gida da akwatin alawar wake. Ya durƙusa, goshinsa har ƙasa.

"Malam, fim zan yi a kan wasan sanda. So nake duniya ta ga abin da mahaifinka ya bari."

"Na ji an ce finafinanka na barkwanci ne."

"Akwai ɗan raha nan da can, amma ba a wurinka ba. Kai dai ka yi yadda ka saba."

Fumie, matar Malam, ce ta ƙarasa lallashinsa. "Maigida, yaron nan ɗanka ne. In bai zo wurinka ba, wurin wa zai je?"

Kwana tara aka yi ana ɗaukar Malam a fim shi kaɗai a gaban wani katafaren koren ƙyalle. Da ya tambaya ina abokin karawa, Hayasaka ya ce da kwamfuta za a saka shi daga baya. Malam bai ƙara tambaya ba. Ya yi salon sanda goma sha ɗaya da kowa ya sani, gwiwarsa na zugi, bai nuna ba. Ranar ƙarshe Hayasaka ya roƙi na goma sha biyun, wanda ba a nuna wa kowa sai magajin zaure. Malam ya ajiye sandarsa. Ba shi da ɗa namiji, 'yarsa kuwa likitar haƙori ce, ko sandar ba ta taɓawa. Ya dubi Hayasaka, ya ce a ransa ai ga magajin nan a tsaye. Ya ɗauki sanda ya yi.

Bayan wata takwas aka gayyace su Tokyo kallon farko. Malam ya sa baƙar rigarsa mai tambarin gida, ya tafi da Fumie da manyan ɗalibansa huɗu. Aka zaunar da su a sahun gaba.

Minti ashirin da farawa ya ga kansa a allo. An mai da shi tsohon maigadin gidan wanka, an ɗora masa wata murya 'yar siririya kamar ta akuya. Abokin karawar kuwa ƙuda ne, wanda ya sauka a kan kwanon taliyarsa. Kowane sara da ya kai, ƙudan ya goce, tukwane su zube, tagogi su farfashe. Ɗakin kallo ya kece da dariya. Da aka zo salo na goma sha biyu, aka rage gudun hoton, aka sa kiɗan jarumai, ya juya, ya durƙusa, ya tsaya cak, sai ƙudan ya zo a hankali ya zauna a kan hancinsa. Wani mutum a bayansu har da buga kujera. Fumie ma dariyar ta kuɓuce mata sau ɗaya, ta yi maza ta toshe baki, ta sunkuyar da kai.

Malam bai tashi ba har aka gama. A baranda ya tarar da Hayasaka, mutane sun kewaye shi suna yi masa barka. Yana hango malaminsa ya baro su, fuska cike da murna.

"Malam, ka ji yadda suke yi? Kai ne fim ɗin gaba ɗaya."

"Tun ranar da ka zo gidana ka san ƙuda ne?"

Murmushin ya ragu. "Da na faɗa maka, da ba ka yarda ba."

"Gaskiya ne."

"Kuma da ka san wasa ne, da bai ba da dariya ba. Fuskar nan taka ita ce komai, Malam. Ba ka san yadda take ba. Tun muna yara muke danne dariya in ka ɗaure ta."

Ya faɗi haka ne a matsayin yabo, Malam ya ga hakan a idonsa, kuma wannan ya fi ƙudan yi masa ciwo. Ya ɗan rusuna masa irin gaisuwar da ake wa baƙo, ya ce wa Fumie su tafi kada jirgin ƙasa ya bar su.

Fim ya karɓu. Kafin bazara ta ƙare mutum arba'in da 'yan kai suka zo zauren neman shiga, rabinsu suna tambayar yaushe za a koya musu kisan ƙuda. Malam bai kori kowa ba. Ya ba su tsumma su goge daɓe, ya sa su sara ɗaya tak, sau ɗari uku kullum. Cikin wata biyu saura mutum uku.

Hayasaka ya buga waya sau da yawa, Fumie ce ke ɗauka. Ya aiko wasiƙa mai shafi shida. Malam ya karanta ta tsaf, ya ga ban haƙuri a shafi na farko, sauran biyar kuwa bayani ne a kan kashi na biyu na fim ɗin da ake son yi.

A bangon zauren akwai ƙananan alluna na katako a jere, kowanne da sunan ɗalibin da ya yi nisa. Da safe, kafin kowa ya zo, Malam ya hau kujera ya zare na Hayasaka. Ya goge masa ƙura, ya naɗe shi a farar takarda, ya rubuta adireshin Hayasaka.

Fumie na tsaye a bakin ƙofa. "Ba za ka sa masa ko layi ɗaya a ciki ba?"

"Zai gane."

Ta karɓi ƙunshin ta kai gidan waya da kanta. Daga ranar, kiran waya bai sake shigowa daga Tokyo ba.